Na ƙara monita da talabijin a kwamfutata, sifika ta yi shiru

Abban Hanifa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masana kwamfuta a taimaka min, aikin mutane na hannuna kuma abu ya tsaya min cak.

Sana'ata haɗa bidiyo ce, na biki da na walimar sauka, wani lokaci da karatun malamai da ake ɗorawa a YouTube. Shagona ɗan ƙarami ne a nan Kano. Kwamfutar da nake aiki da ita Dell OptiPlex 7050 ce 'yar Beljiyam, mai siririn akwatin nan, Core i5, da Windows 10 a kai. A bayanta akwai kafar HDMI ɗaya, sai wasu biyu masu kama da ita amma kusurwa ɗaya ce kawai a yanke, waɗanda aka ce min DisplayPort sunansu. Babu kafar VGA sam, don haka tsohuwar monitata mai inci 22, wadda VGA kaɗai take ci, da wata 'yar adafta nake jona ta a ɗaya daga cikin biyun nan. Sifika kuma irin mai wufa da 'ya'ya biyu ce, a soke a koren ramin baya. A haka nake aiki lafiya lau tun da na saye ta.

To makon jiya sai na ƙaro monita mai inci 24 mai HDMI, na kuma ɗauko talabijin ɗin gida mai inci 32 na kafe a bango. Dalili shi ne masu aiki su daina tsayuwa a kaina. Uwar amarya za ta zo da ƙawayenta, kowace na son ganin inda ta fito tana liƙi, ga shago ba wuri, har mayafin wata ya taɓa jawo min kofin shayi kan kibod. Da yake kafar HDMI ɗaya ce tal, mai kayan ya haɗa ni da wata 'yar akwati mai shiga ɗaya fita biyu, ya ce sifilita ce, za ta yi min.

Tun da na jona, sifikar nan ko tari ba ta sake yi ba. Wutarta na kamawa, a ƙasan allo ina ganin alamar sauti a buɗe har ƙarshe, amma tsit. In talabijin na kunne sai in ji sautin yana fita ta can, da muryar nan tasa kamar ta cikin gwangwani. In na kashe shi shi ke nan, babu ko'ina. Sannan sabuwar monitar da talabijin abu ɗaya suke nunawa, duk abin da na buɗe a nan yana can, har hirar WhatsApp ɗina mutane ke karantawa a bango. Ni kuwa so nake kowanne ya zama da nasa: ɗaya in jera fayiloli, ɗaya in yi yanka, talabijin kuma ya nuna musu abin da na zaɓa kawai. Akwai kuma wata ƙara, "zuuu", da wufar ke yi ko babu abin da ke wasa, ta fi tsanani in an ɗauke wuta mun tada inji. Da ma tana ɗan yi, amma yanzu ta ƙaru.

Kwamfutar ce ba za ta iya ɗauka ba, ko wani abu ne ya ƙone?

Sadik_Waya

Wslm. Oga direbobin sauti ne suka tashi aiki, haka suke yi. Ka kwashe kayanka a fulash ka yi mata fomatin kawai, a sa sabon Windows, komai zai dawo daidai. In kuma bai yi ba to katin sautin ne ya mutu, sai a sayi na USB.

Tsohon Injiniya

Wa alaikumus salam. Malam Abban Hanifa, kada ka goge komai. Sadik, Allah ya shirye ka, mutum da bikin mutane cike da kwamfuta kake cewa ya yi fomatin a kan sifika. Ai tunda sauti na fita ta talabijin, ka san babu abin da ya mutu.

Sautinka hanya ya canza. VGA hoto zalla take ɗauka, shi ya sa duk zaman da ka yi da tsohuwar monita sauti bai da inda zai bi sai koren ramin nan. HDMI da DisplayPort kuwa hoto da sauti suke ɗauka tare a waya guda. Duk allon da ka jona ta HDMI yana gabatar da kansa ga kwamfuta, ya faɗi sunansa, da girman hoton da yake iya nunawa, da ko yana karɓar sauti. Da Windows ta ji haka sai ta ɗauka sabuwar sifika aka kawo mata, ta juya sautin can. Monitoci da yawa kuma suna cewa suna karɓar sauti alhali babu sifika a cikinsu, ɗan ramin hedifon ne kawai a baya. Leƙa bayan sabuwar taka. In akwai ramin, soka hedifon ka ji, kiɗan bikin na nan yana ta tafiya shi kaɗai.

Amma fara da wayoyi tukuna, don in ka gyara sauti yanzu, kana canza waya zai sake tsallakewa.

Sifilita ba ta ƙara maka allo. Famfo ɗaya ne aka sa wa tiyo biyu, ruwan da ke wannan shi ke wancan. Ita kwamfutar allo ɗaya take gani a kafar, don haka babu saitin da zai raba su. Cire ta ka ajiye, tana da ranarta, misali wurin taro da ake son majigi biyu su nuna abu ɗaya. Kai ba ka ma buƙatarta, kafa uku gare ka, kuma hoton Intel da ke cikin Core i5 na wannan zubin yana tuƙa allo uku lokaci guda, kowanne da nasa. Sa talabijin a HDMI kai tsaye. Bar tsohuwar monita inda take. Sabuwar kuma ka duba ko tana da DisplayPort a bayanta; in tana da ita ka sayi wayar DisplayPort kai biyu, in babu ka sayi wadda kanta ɗaya DisplayPort ɗaya HDMI.

A nan mutane ke asarar kuɗi, don haka ka kula. Wayar nan hanya ɗaya take bi: daga DisplayPort na kwamfuta zuwa HDMI na allo. Ba ta yin akasin haka. Kai hanyar ta dace da kai, amma ka faɗa wa mai shago a fili wane kai ne zai shiga kwamfuta, in da hali ka sa a gwada a gabanka. Sannan yawancin kawunan DisplayPort suna da ƙugiya, sai ka danne ɗan maɓallin da ke bayan kan kafin ka ja. Na sha gyara kafar da aka fizge da ƙarfi aka taho da hanjinta.

In duka ukun sun kawo hoto, danna maɓallin Windows tare da P, ka zaɓi Extend. Daga nan danna dama a fili a kan allo, Display settings. Za ka ga akwatuna 1, 2, 3. Danna Identify lambar kowanne ta fito a jikinsa, sai ka ja akwatunan ka jera su yadda suke zaune a shagonka. In talabijin na sama a bango, ɗora akwatinsa sama, don in ka tura linzami sama ya hau can. Wanda za ka riƙa aiki a kai ka zaɓe shi ka sa alama a Make this my main display. Tura taga daga wannan allo zuwa wancan kuma, Windows da Shift da kibiyar hagu ko dama, ya fi jan ta da hannu sauri.

Yanzu sauti. Windows da R, ka rubuta mmsys.cpl, ka danna Enter. A shafin Playback za ka ga sifikarka da Realtek a ƙarƙashin sunan, sai sunan monita da na talabijin da Intel Display Audio a ƙarƙashinsu. Zaɓi na Realtek ka danna Set Default. Ita monita danna mata dama ka yi Disable, ba ta da abin da za ta ba ka. Talabijin ka bar shi, za ka so shi wata rana.

Maganar ƙarar wufa daban ce, ta wuta ce. Gama da wannan tukuna ka dawo.

Abban Hanifa

Allah ya saka da alheri Baba Injiniya, ya ƙara girma. Wallahi kamar kana shagon. Na soka hedifon a bayan monitar, ga sauti raɗau. Na shiga Beirut Road da yamma na samo wayar, an gwada min a wurin, yanzu allo uku kowa da harkarsa, sifika ta dawo.

Saura uku. Ƙarar nan tana nan. Talabijin yana cinye gefen hoto, layin ƙasa na Windows rabinsa ba ya fitowa, rubutu kuma dishi-dishi. Na uku, ko zai yiwu su riƙa jin bidiyon da na gama ta talabijin, ni kuma ina ci gaba da yanka wani da hedifon a kunne? Yanzu in na soka hedifon a gaba sifikar baya sai ta ɗauke, su kuma su ce ba sa jin komai.

Ɗan Maraɗi

Salamu alaikum, ina gaida Malam Injiniya. Ni gyaran rediyo da amfilifaya nike yi nan Maraɗi, bari in sa baki a zancen ƙara, don kullum ita ake kawo muna.

Kahin ka sayi komi, ɗan'uwa, gwada ka gano daga ina take shigowa. Bar wufa a kunne, ka zare wayarta daga koren ramin kwamfuta, ka riƙe ta ta roba kada yatsanka ya taɓa ƙarfen kan. In ƙarar na nan yadda take, to daga wutar da wufar ke ci ne, ko taransifomar cikinta ko kwandensan da suka tsufa. In ta ɗauke ko ta ragu sosai, to ta jikin kwamfuta take biyowa. Mai da wayar, sai ka shiga zare sauran ɗaya bayan ɗaya kana saurare: HDMI na talabijin, wayar monita, firinta in akwai. Wadda ka zare aka yi shiru, ita ce.

Ni talabijin ɗin nike zargi, tunda ka ce ƙarar ta ƙaru bayan zuwanshi. Akwai dikoda ko wayar eriya a jikinshi? Kuma soket ɗinshi ɗaya da na kwamfuta, ko daga wani bango ya jawo? In na'urori biyu suna haɗe da waya amma kowace ta samu ƙasarta, wato wayar tsaro da ke kai wutar da ta zube cikin ƙasa, ta wata hanya daban, ɗan bambancin da ke tsakaninsu sai ya riƙa gudana ta cikin wayar sauti, wufa kuma ta ƙara mishi ƙarhi. Gurnanin da kake ji bugun kuran, wato wutar lantarki, ne kanshi, sau 50 a daƙiƙa, ku da mu duka haka wutarmu take. Maganin farko ba ya cin ko dala: kwamfuta da monitoci da wufa da talabijin duk su ci daga ekistenshon ɗaya mai kyau, mai baki uku. Kuma ka raba wayar sauti da wayoyin wuta, kada ka ɗaure su tare don a ga tsabta.

Wani abin: taɓa bayan akwatin kwamfutar da bayan hannu kana tsaye ba takalmi. In ka ji tana ɗan tsikararka, shagon ba ya da waya ta ƙasa, ko tana nan a soket amma ba ta je ko'ina ba. Wajenku soket mai baki uku ne irin na Ingila, amma na ga yadda ake yi, a sa murfin biro a danne ramin sama a cusa fulogi mai baki biyu. Mu nan namu irin na Faransa ne, mu ma rabin gidaje ba a kai ƙasar ba. Gurup ƙarami kuwa, wanda kuke ce ma inji, wutarshi ba ta da santsi kuma ba wanda ke kafa mishi ƙasa, shi ya sa ƙarar ke ƙaruwa in kun tada shi. Inbata mai arha wadda ba ta ba da tsantsar igiyar wuta ita ma haka take sa wufa kuka.

In kuwa ƙarar "dit-dit-dit" ce da ke zuwa dab da kira zai shigo, wannan salularka ce, ɗauke ta daga kan tebur.

Ga 'yan wajenmu masu Windows da Faransanci da za su karanta: abin da Malam ya ce Extend shi ne Étendre, Duplicate kuma Dupliquer. Shi mmsys.cpl haka yake a kowane harshe.

Maman Ilham

Sannunku da ƙoƙari. Abban Hanifa, tambayarka ta uku ita nake yi kullum, don ina tace muryoyin darasi yara kuma na kallon nasu a ɗaya allon.

Ramin gaba da na baya a irin kwamfutarka kusan ƙofa ɗaya ce a wurin Windows, shi ya sa hedifon ke kashe sifika. Amma talabijin na'ura ce daban, kuma da ma Baba Injiniya ya ce kada ka rufe shi. To ka ba kowace manhaja tata mafita. Bidiyon da ka gama ka buɗe shi da manhajar kallon bidiyo ta VLC, ka tura tagar kan talabijin, ka shiga Audio, Audio Device, ka zaɓi sunan talabijin. Shi ke nan, nasu ya tafi can. Manhajar yankanka kuma ta zauna a Realtek. Ba ka faɗi wadda kake amfani da ita ba. In Premiere ce, tana da nata saitin a Edit, Preferences, Audio Hardware, kuma wani lokaci ba ta bin abin da Windows ta zaɓa sai ka nuna mata da kanka. Ga manhajar da ba ta da irin wannan zaɓi, kamar burauza, shiga Settings, System, Sound, can ƙasa akwai App volume and device preferences. Sai manhajar na buɗe tana fitar da sauti sannan sunanta ke bayyana a jerin, kada ka ce babu.

In kuma muryar talabijin ce ba ta yi maka ba, kana son baƙi su ji ta wufa, a nan ne shawarar Sadik ta katin USB ke da amfani, ba don naka ya mutu ba. Ɗan ƙaramin abu ne kamar fulash mai rami biyu, Windows na ganinsa a matsayin na'ura ta daban. Hedifon a jikinsa, wufa a koren rami, VLC ta bi wufa. Sai dai ka lura da kan hedifon ɗinka: mai zobe biyu na kunne ne zalla, mai zobe uku irin na waya ne mai makirufo a haɗe. Ramin gaban kwamfutarka na karɓar mai zobe uku, amma katin USB mai kore da ruwan hoda daban-daban sai da 'yar waya mai raba su.

Abu ɗaya zan roƙe ka: kada ka daidaita baki da murya kana kallon talabijin. Talabijin na ɗan riƙe hoto yana yi masa kwalliya kafin ya nuna, sai ka ga kamar murya ta riga baki, ka je ka gyara abin da ba shi da matsala. Hedifon na Bluetooth ma jinkiri gare shi, mai waya ya fi a wannan aiki. In baƙi na kallo ta talabijin sauti na fita ta wufa ka ga sun saɓa, a VLC maɓallan J da K na matsar da sautin gaba ko baya kaɗan-kaɗan.

Cin gefen hoto kuma daga talabijin ne, da rimot za ka gyara. Nemi inda ake canza girman hoto. A LG sunansa Just Scan, a Samsung Screen Fit ko Fit to Screen, wasu kuma sai ka sa wa kafar suna PC. In akwai Game Mode kunna shi, yana rage jinkirin da na faɗa. Dishi-dishin rubutu kuwa, masu inci 32 da yawa ainihin allonsu 1366 ne sau 768, ko da suna karɓar 1080 matse shi suke yi. Don kallon bidiyo ba laifi, amma ba wurin karatu ba ne.

Tsohon Injiniya

Hajiya ta gama magana. Malam na Maraɗi ma haka, sai dai gwajin taɓa akwati ba takalmi ban so shi ba. A sa tasta, ko a kira mai wayarin ya auna. Kuma tunda na san wani zai zo ya faɗa: akwai masu karya dogon ƙarfen fulogi, na ƙasa, su ce ƙara ta ɗauke. Takan ɗauke ɗin, amma ranar da wuta ta zubo jikin akwatin ta jikin mai shago za ta bi. Kada ka yarda. A kafa ƙarfen ƙasa na gaskiya a bayan shago, a haɗa da jikin injin ma.

Katin USB kuma kada a sa rai zai kashe gurnani, don ƙasarsa ɗaya da kwamfuta. Yakan taimaka ne a kan siririn kukan nan da ke canzawa in ka motsa linzami.

In kana da UPS, akwatin batirin nan da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, kwamfuta da babbar monitarka kawai za ka ɗora mata. Sai dai ka san duk sanda aka ɗauke wuta sauran alluna suka mutu, tagoginka na iya tattaruwa a allo ɗaya, in an kawo kuma ka sake jera su. Windows 11 ta fi iya tuna inda kowace taga take, amma Core i5 zubi na 6 da na 7 irin na injinka ba sa cikin jerin waɗanda take karɓa a hukumance, Windows 10 kuma tallafinta na yau da kullum ya ƙare tun 14 ga Oktoba 2025. Ba abin gaggawa ba ne yau, amma ka fara tari.

Abban Hanifa

Na gode ƙwarai, Hajiya, Allah ya raya su Ilham. Just Scan ya dawo min da gefen hoto, VLC kuma na can na yi wa baƙi nasu. Malam na Maraɗi, zarginka ya tabbata: dikodar dish na jone a ɗaya HDMI ɗin talabijin, ina zare ta gurnanin ya faɗi ƙasa sosai. Na mayar da kowa ekistenshon ɗaya. A wutar gari yanzu sai ka kara kunne za ka ji, a inji ne dai har yanzu ana ji. Mai wayarin zai zo ranar Asabar. To dikodar fa, haƙura zan yi da ita? Yaran layi na taruwa kallon ƙwallo da daddare. Na ji ana maganar wata 'yar na'ura mai raba ƙasa, a wayar dish ake sa ta?

Ɗan Maraɗi

A'a, kada ka sa ta a wayar dish. Ta cikin wayar nan dikoda ke aika wuta zuwa kan dish ɗin, in ka raba ta tashoshi za su ɗauke gaba ɗaya. Wadda za ka nema ta wayar sauti ce, mai ƙaramin kai irin na hedifon shiga da hita, masu haɗa kiɗan mota sun san ta. Tsakanin koren ramin kwamfuta da wufa take zama. Mai arha takan ɗan rage nauyin bas, don haka in kana auna sautin aiki ka amince da hedifon. Kahin ka samo ta, zare HDMI na dikoda da rana, in lokacin ƙwallo ya yi ka kashe wufa ka mai da ita.